Karen da Injiniya Ya Ajiye a Wurina

Duk yaron da ya ji aikin da na yi shekaru ina yi a ƙasar nan sai ya kwashe da dariya ya ce, "Baba Ɗanjuma, ai kai ka more, wasa da karnuka ake biyan ka." Wani ma ya taɓa ce mini in ya gaji da tuƙin tasi zai zo in koya masa cikin sati guda. To ku matso ku ji, tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ba abin da nake da shi da yawa kamar lokaci.

Ni ɗan mafarauta ne daga wajen Ningi, da karnuka na buɗe ido. Saboda haka da na sami aiki a wata gonar kiwon karnuka a bayan garin Upper Marlboro, na ɗauka gida na zo. Mai gonar wata tsohuwar Baturiya ce, Madam Loretta, siririya, ba ta yi wa mutum murmushi sai dabba. Ranar farko ta miƙo mini buroshi da man goge baki, ta nuna mini wani ƙaton kare. Na tsaya ina kallon ta, na zaci hankalina take gwadawa. Da na ga da gaske take, na ce a raina, inna lillahi, Ɗanjuma, abin da ka haye teku ka zo yi ke nan. Man goge bakin ma ƙamshin kaza yake yi.

Irin karnukan da take kiwo ana ce musu ritiriba. Asalinsu na farautar agwagwar ruwa ne: maharbi ya harbo, kare ya faɗa ruwa ya ɗauko ya kawo masa. Akwai masu dogon gashi ruwan zuma, akwai masu gajeren gashi, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa. Karen da na sani a gida in ya kama zomo sai kun yi kokawa kafin ka ga rabonka. Wannan kuwa, a gabana Madam ta sa wa ɗaya ɗanyen ƙwai a baki, ya zagaya fili ya dawo ya ajiye mata a tafin hannu, ko tsagewa bai yi ba. Na riƙe baki. Sannan ba su san wani abu wai shi baƙo ba. Ɓarawo in ya shigo da murna za su tare shi, in ya gama su raka shi har mota.

Shekarata ta farko ban taɓa igiyar kare ba. Shebur ne da tiyo da bokiti. Madam ta ce ba zan riƙe igiya ba sai na iya shiga keji da safe in dubi kashin kare in faɗa mata wanda ba shi da lafiya. Bayan nan aka ba ni sauran kayan aiki ɗaya bayan ɗaya: igiya mai zarge, usur, ɗan buhun kanbas da ake jefawa a kududdufi a madadin agwagwa, hantsakin cire kaska, da almakashin yanke ƙumba, wanda in ka zurfafa kaɗan jini ya ɓalle, kare kuma ba zai sake ba ka ƙafarsa ba sai ka yi wata kana lallashi. Aljihuna kullum da busasshiyar hanta, har matata ta daina tambaya in za ta yi wanki. Abin da ya fi ba ni wuya hannuna ne. A gida da sanda ake yi wa kare magana, nan kuwa Madam ta ce ranar da na ɗaga hannu ranar zan bar gonar. Daga baya na gane dalilinta, don ritiriba in ka daka masa tsawa da safe, har yamma yana bin ka yana neman laifinsa.

Tambaya ɗaya ce kowa yake zuwa da ita: namiji ko mace? Mutane suna so ka ce musu ɗaya ya fi, su biya su tafi. Ga abin da na gani da idona. Namiji ya fi girma da nauyi, kuma ƙuruciya ba ta sakin sa da wuri, sai ka ga ƙato ya cika ƙofa amma hankalinsa na ɗan kwikwiyo ne. Yana ɗaga ƙafa ya yi fitsari a jikin duk abin da ke tsaye, har da ƙafar mai sayensa in ya daɗe a wuri ɗaya. Mace ta fi saurin nutsuwa da ɗaukar horo, amma sau biyu a shekara tana shiga lokacin barbara, ga jini, ga karnukan unguwa suna zarya a bayan shinge. Akwai maganin duka biyun a wurin likitan dabbobi, a fiɗiye namiji, a cire wa mace mahaifa. Turawa suna jin wannan su ce wace rana za a yi. Mazan namu kuwa da na ambaci fiɗiya sai in ga mutum ya haɗe gwiwoyinsa ya ce a bar maganar tukuna.

Babban bambancin a zuciya yake. Mace za ta zo ta gaishe ka, ka shafa ta, ta koma wurinta ta kwanta. Namiji in ya ɗora ransa a kanka, ko banɗaki ka shiga za ka fito ka same shi a bakin ƙofa. Ba dukansu ba ne, don kare ma kowanne da halinsa, amma na ga hakan sau da yawa har na daina mamaki.

Mutanenmu ba su cika zuwa gonar ba. Wanda ya zo ma karen gadi yake nema, in ba shi haƙuri in sallame shi. A taron jama'a kuwa an san ni, ana gaisawa da ni lafiya lau, amma na sha ganin mutum yana duban hannunsa bayan mun yi musafaha. Shi ya sa ranar wani suna a Lanham, da Injiniya Bashir ya ja ni gefe, na shirya jin wa'azi. Dattijo ne mai furfura, ɗan sahun farko, wanda in ana rigima a al'umma shi ake kira ya raba.

Ya ce, "Malam, an ce kai ne mai aikin karnuka."

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Ina so ka zaɓa mini ɗaya."

Saura kaɗan lomar da ke bakina ta sarƙe ni.

Ya zo gonar cikin shadda mai guga, ya zauna a kan kifaffen bokiti. Ya faɗa mini an yi masa aikin zuciya, likita ya ce ko dai ya riƙa tafiya a ƙasa kullum ko kuwa ya fara sallama da iyali. Ya gwada, amma tafiya shi kaɗai a gefen titi tana sa shi jin kamar wanda aka kora daga gida. Tun yana yaro kuma yake sha'awar kare, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Na ce, "Ka tambayi malamai?"

Ya ce, "Na tambaya, na karanta, na san inda aka yi saɓani. Ba wannan ne yake hana ni barci ba, Malam Ɗanjuma. Bakin mutane ne. Saboda haka a nan zai zauna, ni zan riƙa zuwa. Hajiya ba za ta sani ba, jama'a ba za su sani ba. Amana na ba ka."

A lokacin 'yan kwikwiyo biyu suka rage a wata haihuwa da aka yi, masu ruwan zuma, namiji da mace. Na sako masa su. Macen ta zo ta shinshina hannunsa, ta kaɗa wutsiya, ta koma inuwa. Namijin ya haye kan ƙafarsa ya kama bakin shaddar yana tauna.

Na ce, "In a nan za ka bar shi, ɗauki macen. In ka tafi za ta yi harkarta har ka dawo. Wannan kuwa ranar da ba ka zo ba, ni da shi ba mai kwanciyar hankali."

Ya dubi macen, ya dubi namijin. Can ya ce, "To ai ka gama zaɓa mini. Wadda za ta yi harkarta in ban zo ba, ba za ta fitar da ni daga bargo a watan sanyi ba. Ni wanda zai jira ni nake nema."

Ni ta wajen kare na duba, shi ya duba ta wajen kansa, kuma ya fi ni sanin kansa. Ya raɗa masa suna Auta.

Daga nan kullum bayan asuba sai in ji motarsa. Ya shiga ɗakin ajiyar abinci ya tuɓe kaftani da hula, ya sa wani tsohon wando da riga da ya bari a cikin jaka a rataye a ƙusa. Su kama hanyar bayan gona shi da Auta, su zagaya kududdufi, ya jefa buhun kanbas, Auta ya faɗa ruwa. In sun dawo ya wanke hannuwa da sabulu har gwiwar hannu, ya canza kaya, ya bi kujerar mota da abin kwashe gashi, ya ɗora hula, ya koma Injiniya. Ranar Juma'a in mun haɗu a masallaci mu gaisa sama-sama kamar ba ɗazu muka rabu ba. Ruwa, ƙanƙara, azumi, ba abin da ya hana shi zuwa sai tafiya gida Najeriya, lokacin kuwa Auta ya nuna mini ban yi ƙarya ba. Haka suka yi har tumbin Injiniya ya zube, har gemun Auta ya fara fari.

Sai shekarar korona ta zo. Da farko mun zaci arziki ne. Kowa yana kulle a gida, kowa yana son ɗan kwikwiyo, wayar Madam ba ta hutawa. Mutanen da ba su taɓa riƙe ko kyanwa ba suna rantsuwa sun shirya. Da aka buɗe ofisoshi sai ga su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kare a bayan mota, ido a ƙasa. Karen da bai taɓa wuni shi kaɗai ba an kulle shi tun safe, ya cinye ƙofa, ya yaga kujera. A wurinmu yawancin waɗanda aka dawo da su maza ne, sun kai lokacin da ƙarfi ya zo hankali bai iso ba. Wata mata ta miƙo mini igiya ta ce sun sake kafet, gashinsa yana fitowa a kai. Wani ya ɗaure nasa a ƙyauren gona ya gudu ko sallama babu. Ni da na zo ƙasar nan na ga ana goge wa kare baki, ban taɓa zaton zan ga ana yar da shi haka ba, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Ana cikin haka Madam ta zame ta karya ƙugu. 'Ya'yanta suka zo suka ce gona ta ƙare, za a sayar. Ba a yi nisa ba kuma, wata safiya motar Injiniya ba ta zo ba. Kafin azahar na ga sanarwa a zauren WhatsApp na al'umma. Zuciyar ce. Na je aka yi jana'iza da ni, na tsaya a sahun baya, ba wanda ya san na fi yawancinsu ganin mamacin.

Auta ya daina cin abinci. Da gari ya waye sai ya je ƙyaure ya kwanta, hancinsa a ƙarƙashin ƙarfe, ba ya tashi sai rana ta yi zafi. Na dafa masa kaza da shinkafa, ya shinshina ya kau da kai. Haƙarƙarinsa ya fara fitowa. Muna ta neman wa sauran karnuka gidaje, matan suka fara tafiya, sannan samarin. Tsohon namiji mai ramewa, ba wanda ya ko tsaya a kejinsa. Ni kuma gidan hayar da nake ba a yarda da babban kare ba. Ɗan Madam ya ce mini duk wanda ya rage ranar miƙa makulli, gidan ajiyar dabbobi za a kai shi. Na san abin da yake samun tsohon kare marar cin abinci a irin wuraren nan, ba sai an faɗa mini ba.

Na rasa inda zan sa kaina. Mutum ya ba ni amana ya mutu, in na buɗe baki na tona shi a gaban iyalinsa ba ya nan balle ya kare kansa. In na yi shiru Auta ya tafi. Na kai na kawo, a ƙarshe na nemi 'yarsa Nafisa, nas ce a nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Na same ta a wurin ajiye motoci bayan an tashi daga addu'ar da aka yi wa mamacin, na faɗa mata komai.

Ta zaro ido. "Daddy? Kare? Uncle, Daddy na?"

Na nuna mata hoto a waya, mahaifinta cikin tsohon wando, jiƙaƙƙen kare ya ɗora masa ƙafa a ƙirji, yana dariya har ana ganin dasashi. Ta ce ba ta taɓa ganin ya yi irin wannan dariyar ba. Ta tambayi sunansa, na faɗa.

Ta ce, "Auta? Ai ni ce auta!" Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka.

Ita ba za ta iya ɗauka ba, ɗanta yana da asma. Yayyenta suna wasu jihohi. Gida ɗaya ne mai fili da shinge, na mahaifiyarta, Hajiya Rabi, wadda ke zaune ita kaɗai tana takaba. Na ce wa Nafisa wannan ai ba mai yiwuwa ba ne. Ta ce ita ma ta sani, amma in kawo shi, za ta faɗa mata kafin mu iso.

Na yi masa wanka, na taje shi, na sa shi a mota da hantsi. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa cikin dogon hijabi, carbi a hannu, Nafisa a bayanta da yaranta suna leƙe. Na tsaya can nesa a kan ciyawa, na rage tsawo na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya. Ta amsa a taƙaice.

Ta ce, "Malam, kai ne ka riƙe masa wannan abin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Duk shekarun nan yana ce mini motsa jiki yake zuwa."

"Motsa jikin yake yi, Hajiya. Tare suke yi."

Ta ce, "Na haifa masa 'ya'ya, na biyo shi ƙasar da ban san kowa ba, ashe akwai abin da yake jin kunyar in sani. Yanzu kuma ina takaba ka kawo mini kare ƙofar gida? Me kake so mutane su ce?"

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri in juya, sai na ji igiya ta fizge daga hannuna. Karen da ko tsayuwa da ƙyar yake yi ya haye matakala. A gefen ƙofa akwai takalman Injiniya na zuwa masallaci, ba wanda ya iya kawar da su. Auta ya tura hanci cikin ɗaya, jikinsa duka yana rawa, ya yi wani irin kuka ƙasa-ƙasa da ban taɓa ji a bakin kare ba. Sannan ya ɗauki takalmin a baki.

Hajiya ta ja da baya tana salati. "Takalminsa! Ku karɓe takalminsa!"

Nafisa ta yi ta ce masa ya saki da Turanci, yaran ma suka taya ta, ko kallon su bai yi ba. Ni ina ƙoƙarin hawa matakala da wannan gwiwar tawa. Sai Hajiya ta buga ƙafa, ta yi masa tsawa irin wadda ake yi wa yaro mai ƙiriniya.

"Kai! Ajiye shi!"

Auta ya tako a hankali ya ajiye takalmin a gaban ƙafarta, ya ɗaga kai yana kallon ta.

Hajiya ta dube ni. "Hausa yake ji?"

Na ce, "Ni da Injiniya muka raine shi, Hajiya. Da me za mu yi masa magana?"

Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta ce a hankali, "Zauna." Ya zauna. Ta ce, "Kwanta." Ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan takalmin.

Ta ce, "Ɗakina da inda nake salla ba zai taka ba."

Na ce, "Ba zai taka ba, in kin faɗa masa."

"Nafisa, je ki buɗe gareji ki kunna hita." Ta sa gefen hijabi ta goge ido, ba ta dube ni ba. "Tun ranar da aka fita da maigidan nan, in na yi Hausa a cikin gidan nan ni kaɗai nake jin kaina. Cire masa igiyar, Malam."